Inna, 'Yar Jos Ta Faɗi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa mai kifin banda ta Yelwa.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda kika hore mu, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Mu nan lafiya lau muke. Surukinki Baban Nana yana nan da gyaran injin jirgi a bakin ruwa, jikokinki sun girma. Ruwa ya yi yawa bana, tafki ya cika har ya lashi gonakin shinkafa na bakin gari.

Na san da kina zaune a gabana da tuni kin katse ni. Tun ina ƙarama, in na fara zance da labarin ruwa da lafiyar mutane, sai ki aje wuƙar gyaran kifi ki dube ni ki ce, "Ke Balki, tahi kai tsaye. Mi kika ɓata?"

To, Inna, 'Yar Jos ta faɗi. Shukar nan taki mai ganye masu kauri, wadda kika yi rainonta tun kafin a yi mini aure, ta ruɓe ta karye a cikin falona. Babu akuyar da zan ɗora wa laifi, babu iska, babu hannun kowa. Ni ce. Kunya nake ji wallahi, irin wadda take hana mutum ɗaga ido a layinsu. Da gangan kuma na rubuto miki a inda kowa zai karanta a wayarsa, saboda waɗanda na kora daga ƙofata sun cancanci su ji yadda abin ya ƙare.

Kin tuna ranar da ta shigo gidanmu? Mama Rifkatu ce ta kawo ta, ƙawarki ta kasuwa, 'yar Kambarin nan mai dariya da ƙarfi, wadda take saukowa daga ƙauyensu na kan tudu can wajen Ngaski da gyaɗa da wake. Ita da cocinta, ke da sallarki, amma in azahar ta yi ita take tsare miki kwandon kifi har ki idar. Ɗanta ne ya kawo mata shukar daga Jos, ita kuma ta yanko miki reshe bai fi tsawon yatsa ba, a ƙulle a bakin zane. Na leƙa na ce wannan kuma me ake ci a jikinsa? Kika ce, "Ba komi ake ci ba, uwar kwaɗayi." Daga baya na ji masu sayar da fulawa a bakin titi suna ce mata jed. Mu dai 'Yar Jos muka sani, kuma haka duk layinmu ya san ta.

A fasasshiyar tukunya kika dasa ta, cikin yashin bakin ruwa da kika gauraya da dakakken gawayi. Kika aje ta bakin rumfar banda ta gabas, inda hantsi yake duka amma ranar tsaka ba ta kaiwa. Mu mutanen bakin ruwa, in muna son abu, ruwa muke ɗura masa. Ke kaɗai kika gane wannan ba irin shinkafa ba ce. Sai kin cusa yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙarau kafin ki ba ta rabin moɗa, in damina ta kankama kuma ki jawo ta ciki inda feshi ba ya kaiwa.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne askin. Haka kike kiransa, aski. Da kin ga ta fara sabon toho sai ki aika a sayo sabuwar reza, ki zauna kan kujerar tsuguno ki jawo tukunyar tsakanin ƙafafunki. Ki bi reshe da yatsa daga sama har inda ganye biyu suke kallon juna, ki yanka daidai samansu, ƙyat, sau ɗaya, ki dangwali toka ki shafa a ciwon. Reshen da ya ratsa ta ciki ya hau kan ɗan'uwansa, ki cire. Wanda ya sunkuya yana neman ƙasa, ki cire. Kawunan nan masu laushi kuwa da farce kike tsinke su, kina hira da maƙwabta, ko kallo ba kya yi. In kin gama ki juya tukunyar, ɓangaren da ya sha rana ya koma baya.

Na taɓa ce miki, Inna ba ki da tausayi, abu yana murna ya yi tsawo ki bi shi da reza? Kika ce, "Tsawo ba ƙwari, mi amfaninshi? Inda na yanka ɗaya, biyu za su hito. Zauna ki gani." Na ce to ki aske ta duka mana ta fito da ɗari. Kika ɗaga rezar kamar za ki yi mini da ita kika ce, "Aski na ce, ban ce ƙwalkwabo ba. Kaɗan ake ɗauka, a bar mata abin numfashi."

Na zauna kuwa na gani. Bayan 'yan makonni, a kowane wurin yanka sai ga 'yan kunnuwa biyu sun leƙo, ɗaya dama ɗaya hagu. Shekara ta bi shekara gindinta ya kai kaurin muciya, ta baje ta cika tukunya kamar kaza a kan ƙwai, bakin ganyenta ya yi ja-ja. Masu zuwa sarin kifi daga nesa sai sun tsaya sun taɓa ganyen sun tambaya ko na roba ne.

Abin da kika yanke kuma ba ya zuwa bola. Kina jera su a kan katanga cikin inuwa har bakin ya bushe ya yi tabo. "Kada ki dasa ɗanyen ciwo, Balki, ruɓewa zai yi." Sannan ki cika gwangwanayen madara da yashi ki soka su. Duk amaryar da aka ɗauka daga layinmu, cikin kayan ɗakinta akwai gwangwaninki. Wanda ya tare a sabon gida, akwai nasa. Wadda tata ta mutu kuma ta dawo tana sosa ƙeya, ki yi mata tas: "Kin kashe ta da ruwa ko? Ku dai ba ku ji. Kawo gwangwani." Ban taɓa ganin wanda ya fita hannu sake ba.

Duk wannan na sani, Inna. Ina so ki san na sani, don kada ki ce mantuwa ce ko rashin koyarwa. A gabana kika yi komai, har rezar ma ni nake sayowa.

Da Allah Ya karɓi abinSa, aka gama zaman makoki aka zo rabon kaya, 'yan'uwana suka ɗauki zannuwa da tukwane. Ni na tafi bakin rumfa na tsuguna gaban 'Yar Jos. Sai na ga wuraren askinki na ƙarshe, tokar da kika shafa ma ba ta gama zubewa ba. Na yi kuka a wurin fiye da wanda na yi ranar jana'iza. A nan na ƙulla a raina cewa hannunki ne ƙarshen wanda zai sa wa shukar nan reza. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauke ta a ka har gidana kamar amarya.

Ban bar ta a tsakar gida ba, wai kada akuya, kada yara, kada idon mutane. Falo na kai ta, gefen taga mai labule, na shimfiɗa mata ƙyalle mai ado a ƙarƙashi. Kullum in na idar da asuba sai na zuba mata ruwa, ina jin kamar ke nake gaisarwa. Wata rana yatsana ya nutse cikin ƙasar, jagab, na ji muryarki a kunnena sarai. Na share yatsan a zane, washegari na ƙara mata wani.

Wadda ta fara zuwa ita ce Gwaggo Kulu, maƙwabciyarki ta katanga ɗaya. Jikarta za a kai ɗaki, ta zo da gwangwaninta a hannu, har ta wanke shi ta huda gindin. Na ce, "Gwaggo, ai yanzu ba a taɓa ta." Ta dube ni ta dubi shukar ta ce, "Ba a taɓa ta? Yaushe aka fara?" Ta juya gwangwanin a hannunta ta ce to Allah Ya kyauta, ta fita. Bayanta wasu sun zo, amsa ɗaya suka samu, har magana ta zaga layi aka daina zuwa. Ni kuwa a lokacin har wani daɗi nake ji, wai ina tsare miki amana.

Ita kuwa 'Yar Jos ta shiga neman haske. Ta miƙe zalau-zalau ta karkata wajen taga, tsakanin ganye da ganye ya yi nisa, jan bakin nan ya ɓace, ganyen ƙasa suka riƙa zuba ɗaya bayan ɗaya. Kowane reshe ya zama dogon kara da ɗan tuntu a kai. Da suka fara rinjayarta na kafa mata sanduna, na ɗaɗɗaure da tsummokaran atamfa. Baban Nana ya tsaya a kanta wata rana ya ce, "Balkisu, wannan fulawa taki ta koma zakaran da aka fige wa wuya. Ki rage mata mana, ko Inna ai yanka take yi." Na taso masa kamar zan cinye shi, na ce in uwarsa ce ta bari sai ya yanka. Bawan Allah ya fita abinsa. Wannan ma na ba shi haƙuri, amma ba ita ce babbar ba.

Babbar ita ce ta Yaya Talatu, ɗiyar Mama Rifkatu. Kin san ta, ita ce take goya ni a kasuwa in kun shiga ciniki, ta saya mini ƙosai da kuɗin gyaɗarta. Tana aure a Wara yanzu. Ta zo ta'aziyyarki ta kwana biyu tana wanke-wanke kamar 'yar gida. Bayan ke ba da jimawa ba Mama Rifkatu ma ta bi ki. Ɗakinta na ƙauye ya rushe da damina ya danne tata shukar, uwar taki ke nan, ba a tsira da ko ganye ba.

Sai ga Yaya Talatu ta yi sallama wata ranar kasuwa, da ƙullin gyaɗa da wake irin na uwarta. Muka gaisa, ta sha ruwa, muka yi kukanmu tare. Sannan ta dubi kusurwar taga ta ce, "Ƙanwata, reshe ɗaya na zo roƙo. Ina so in dasa a ƙofar ɗakina in riƙa ganin Mama da Inna." Ba ta ce ai daga gidansu ta fito ba. Ba ta buƙatar faɗa, ni da ita duk mun sani.

Na ce mata ba lokacin yanka ba ne. Ta ce ko ƙarami, ko wanda ya sunkuya ɗin can. Na ce tun da Inna ta rasu ba a sa mata reza ba kuma ba za a fara ba. Can ta hango ganyayen da suka zuba na share su na tara a bakin ƙofa, ta ce, "Waɗannan fa?" Inna, ki ji abin da ɗiyarki ta ce wa babbar mace, baƙuwa, marainiya irinta, wadda ta biya mota tun daga Wara. Cewa na yi, "In kina so ki tsinta, ai shara ce."

Ta tsuguna a gabana ta tsinta. Ta zaɓi 'yan masu ƙwari ta hure musu ƙasa, ta ƙulle a bakin zane, daidai yadda uwarta ta kawo miki. Ta ce, "Na gode, ƙanwata. Allah Ya bar zumunci." Na raka ta bakin titi har ta hau kabu-kabu, na dawo na dafa waken da ta kawo muka ci. Ko a jikina.

Haka aka yi ta tafiya, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina ƙara sanda ina ƙara tsumma. Sai bana, ana tsakiyar ruwan nan mai yawa, da hantsi ina shara na ji wani ɗan ƙara, ɓas, kamar an taka busasshen kara. Na waiwaya na ga 'Yar Jos kwance a kan leda, sandunan sun bi ta. Gindin nan mai kaurin muciya ya yi baƙi, na taɓa shi yatsana ya shige, wani wari ya taso. Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa.

Ranar na sayi reza. Ranar da ba ta da sauran amfani. Na yanka sama da ruɓar na ga baƙi a ciki, na ƙara hawa na ga baƙi, na yi ta hawa har kawunan, duk ta sha ruwa ta lalace. Na jera 'yan ganyayen da suka rage a inuwa ina addu'a, suka yi ruwa-ruwa suka narke ɗaya bayan ɗaya. Wuraren askinki da na ce ina tsarewa, da hannuna na kwashe su na kai bola.

Sai na tuna gwangwanayenki. Na ce ai rabin Yelwa suna da 'ya'yanta, reshe ɗaya ba zai gagara ba. Na yafa mayafi na shiga gida-gida, ni da na hana, yau ni ce da gwangwani a hannu. Wannan ta ce akuya ta cinye tata. Waccan ta ce ruwa ya shiga gidansu ya tafi da ita. Wata ta ce sun tashi sun bar ta a tsohon gida. Kowacce kuma sai ta ƙara da cewa ai ta so ta zo neman wata, sai ta ji an ce yanzu ba a taɓawa. Ba su faɗa da faɗa ba, da ma sun yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Gidan Gwaggo Kulu na bari ƙarshe. Ta tsufa sosai, Inna, idonta ya rage. Ta saurare ni har na gama ta ce, "Tawa ta mutu tun bara waccan. Da Hauwa na da rai, da na koma ta zage ni ta ba ni wata. Shuka ai mutuwa take, Balki. Abin da ya sa ta uwarki ba ta ƙare ba, kullum tana gidan wani." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ki tahi Wara. In akwai sauran ta a duniya, tana can."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Da wane ido? Da wane baki? Baban Nana ne ya gaji da ganina ina zagaye tukunyar da babu komai a ciki ya ce, "Ki shirya ki je. Iyaka dai ta maida miki abin da kika ce mata, kuma in ta yi ba ta zalunce ki ba." Na zaɓi kifin banda mai kyau irin wanda kike ware wa Mama Rifkatu, na hau motar Wara. Tun daga tasha nake haɗa kalmomin ban haƙuri ina rushewa, har muka fara hango ruwa da jirage ban samu waɗanda suka isa ba.

Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni bai ma bari na gama kwatance ba. Ya ce, "Gidan mai fulawa? Hau mu je."

Inna, tun daga zaure na hango ta. A ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin rumfar kara ta gabas, ga ta nan cikin tsohuwar roba da aka huda. Ba ta kai taki girma ba, amma ita ce sak: gajera, a cike, a baje, bakin ganye ja-ja, ko'ina tabon aski da 'yan kunnuwa biyu-biyu. A kan katanga kuma ga yankakkun rassa a jere suna shan iska, ga gwangwanayen madara a ƙasa.

Yaya Talatu ta fito da hannu duk ƙullu, ta rungume ni tana "Maraba da mutanen Yelwa!" Ta ga inda idona ya kafe, ta fashe da dariyar nan irin ta uwarta ta ce, "Kin ga sharar gidanku? Ɗaya ce ta kama a cikinsu, ɗaya tak. Na yi ta lallaɓa ta kamar jaririn bakwaini." Wallahi babu ɗaci a muryarta, tsokana ce kawai ta yaya da ƙanwa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Duk jawabin da na haɗa a mota ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yaya, ta Inna ta mutu. Ni na kashe ta." Sai kuka.

Ta bar ni na yi mai isata. Ta kawo ruwa na wanke fuska, ta sa mini tuwo a gaba ta tsare ni sai da na ci. Muna cikin haka wata maƙwabciyarta ta leƙo da gwangwani ta ce tata 'Yar Yelwa ta yi laushi. Na ce wace ce 'Yar Yelwa? Yaya Talatu ta ce, "Ga ta nan gabanki. Mu nan ba mu san Jos ba. Duk wanda na ba sai na gaya masa daga gidan Inna Hauwa mai kifi ta fito, Musulmi ya yi mata addu'a irin tasu, mu ma mu yi irin tamu." Ta juya ga matar ta ce, "Kin kashe ta da ruwa ko? Kawo gwangwani."

A nan ne kunyar ta kai mini har ƙashi. Ni da kika haifa na kulle sadakarki a falo na sa mata labule har ta ruɓe. Wadda na ba shara ita ta buɗe miki ƙofa a garin da ba ki taɓa kwana ba, mutanen da ba su san fuskarki ba suna ambaton sunanki da alheri.

Da na tashi tafiya na fito da gwangwanina ina ɓoye shi a bayan mayafi. Na ce ko cikin na kan katangar nan ta taimaka mini da ɗaya, ko ganye ma ya isa. Ta ce, "A'a. Waɗancan suna da masu su." Na ce a raina to ga sakamakona ya zo, kuma na cancanta. Sai ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar reza a takardarta, ta ɓare ta miƙo mini. "Ke za ki yanka. Ni a wurin Inna na koya, ke kuwa a cikinta kika kwanta."

Na tsuguna gaban shukar. Na laluba na kama wani ɗan tsigi can gefe, wanda ko an cire ba za a lura ba. Ta buge mini hannu kamar yadda kike yi in na kai wa kifin sayarwa. Ta kama yatsuna ta kai su kan babban reshe na tsakiya, wanda ya fi kowanne kyau, mai rassa uku a kansa, ta gangara da su har inda ganye biyu suke kallon juna. Na ce, "Yaya, wannan ai zai rage ta." Ta ce, "Yanka, Balki. Dama ya isa aski, ke nake jira."

Na ce bismillah na yanka. Ƙyat, sau ɗaya. Ta miƙo mini toka a murfin kwano na dangwala na shafa, sai na ga yatsana a wurin kamar naki. Na ce mata ta yafe mini maganar da na faɗa a bakin ƙofata. Ta ce, "Na ji zafinta, ba zan yi miki ƙarya ba. Har Wara ina kuka a mota. Amma na san ba ke ce kike magana ba, rashin uwa ne. Tashi kada mota ta bar ki."

Na kawo shi gida a ƙulle a bakin zane. Na bar shi a kan katanga har ciwon ya bushe, ko da yake kullum sai na ji kamar in dasa. Na wanke tukunyarki na shanya ta a rana, na je bakin ruwa da kaina na ɗebo yashi, na daka gawayi, na dasa. Tana tsakar gida yanzu, gabas, ƙarƙashin rumfa, Baban Nana ya kewaye ta da waya saboda awaki. Ruwa kuwa sai na cusa yatsa. In hannuna ya kai ga moɗa da asuba, sai in aje in yi miki addu'a a maimakonsa.

Ta kama, Inna. Ta yi sabon toho har reshe ɗaya ya fara wuce 'yan'uwansa yana neman sama. Na yi kwana da kwanaki ina kallonsa ina jin tsohon ciwon nan yana cewa bar shi, ƙarama ce, ba yanzu ba. Yau da hantsi na sayi reza.

Guntun da na yanko yana kan katanga yana bushewa. Bai fi tsawon yatsa ba. Jikar Gwaggo Kulu da aka kai ɗaki ba gwangwani, yanzu har ta yi 'ya'ya biyu, tana can Shanga. Na aika mata cewa kayan ɗakinta bai cika ba, saura ɗaya yana wurina, kuma ni zan kai da ƙafata.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Duk ganyen da ya tsiro daga hannunki, a Yelwa ko a Wara ko inda ban sani ba, Allah Ya kai ladan kabarinki. Yaya Talatu kuma Allah Ya saka mata da alheri, Ya raya mata zuri'a, Ya bar zumuncin da kuka ƙulla ke da mahaifiyarta. Ni kuma ki yafe mini, na tsare abinki har na kashe shi.

Ɗiyarki mai kunya,
Balkisu, wadda kike ce wa uwar kwaɗayi.